Na Koyi Kayar da Yayana

A gidanmu ni ce raguwa, kuma ba ƙazafi aka yi mini ba. In aka aike ni rafi sai na huta a hanya, in aka tafi tonon citta ni ce mai ciwon baya. Da na ci jarrabawa na tafi makarantar horon malamai, Mama cewa ta yi Ubangiji ya san abin da yake yi, domin da a gona aka bar ni da yunwa ta kashe duk wanda ya yi kuskuren aurena. Tsawo kawai aka ba ni, sai baki. Shi ya sa duk wanda ya ji cewa na taɓa ɗaga ƙaton soja na maka shi da ƙasa yakan yi dariya, ni ma ba na hana shi.

Sojan nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne ɗan fari. Ya tafi yaƙin basasa yana saurayi mai yawan dariya, ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa cif, ko ƙwarzane babu, har aka yi godiya ta musamman a cocin ƙauyenmu da ke bayan Zangon Kataf. Da ya bar soja sai ya zauna a Kafanchan, ya samu aiki wurin masu yankan katako, ya kama wani ɗan gida mai dangar zana a bayan layin dogo. Ni kuma da na gama makaranta aka turo ni koyarwa a wata firamare a garin, a shekarun nan da ake buɗe makarantu ko'ina ana neman malamai ido rufe. Iyayenmu suka ce budurwa ba ta zama ita kaɗai a gari, in je wurin Yaya. Tica yake kirana, da wata irin murya da ke nuna bai yarda na iya koya wa kowa komai ba.

Kafanchan ta wancan lokaci garin jirgin ƙasa ce. Nan layuka suke haɗuwa, yini guda ana jan taragu ana haɗa su, in tarago ya daki tarago sai ka ji gwaram har cikin haƙoranka. Mutanen gari sun daina ji. Ni ma da na kwana biyu na daina.

Wata rana da la'asar ina tuƙa tuwon acca, Yaya yana wanke ƙafa a bakin rariya, sai aka yi wata haɗa taragu mai ƙarfi ba zato. Kafin in ɗaga kai ya kwanta rub da ciki a cikin ruwan rariyar. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai ya miƙe, na ga idanunsa. Ba ni yake kallo ba. Ya wawuri taɓarya yana ta ihu da Turancin bariki, yana ba wasu mutane oda su kwanta, ya daki ƙofar ɗaki har ta ɓalle, ya tarwatsa randa. Na shige makewayi na jingina da ƙofar langalanga, tuwona yana ƙonewa ina jin ƙaurinsa. Da na ji shiru na leƙo, sai na same shi zaune cikin kaskon randa, hannunsa yana jini, yana kallon ɓarnar kamar wani ne ya shigo ya yi.

Maƙwabta sun ji, amma burukutu suka ɗora wa laifi. Tsohon soja in ya yi ihu a gidansa ba wanda yake zuwa tambaya.

Ina ɗaure masa hannu ya gaya mini cewa ba yau aka fara ba. Ba kowace ƙara ce take tayar da abin ba, sai wadda ta zo masa a bazata. Likitan soja ya taɓa ba shi wasu ƙwayoyi, suka mayar da shi mai barci a tsaye, ya zubar. Na ce mu gaya wa su Baba. Sai ya tambaye ni ko na tuna mutumin gindin ɗorawa.

Na tuna. Muna yara akwai wani mutum a ƙauyenmu da hankalinsa ya taɓu, aka sa masa ƙafa a turu, wani gungumen itace mai rami da ake zura ƙafa a buga ƙusa. A nan yake ci, a nan yake kwana, rana da ruwa duk a kansa suke ƙarewa. Mu yara muna jifansa da ƙwallon mangwaro. Wanda ya jagoranci sa shi a turun nan ƙanen mahaifinmu ne, Baba Ƙarami, mutumin da ba ya ƙaunar jan magana, shi ne kuma bakin danginmu a kowace shawara.

Yaya ya ce, "In Baba Ƙarami ya ji, turu ne. Kin san shi. Ni ba zan iya turu ba, Tica."

Na ce to yaya za mu yi.

Ya ce, "Zan koya miki yadda za ki kayar da ni, ki danne ni har abin ya wuce."

Dariya ta kuɓuce mini da hawaye a fuskata. Na ce ni da ko tulu ba na iya saukewa sai an taya ni? Ya nemi namiji mana, ga abokansa ƙarti a wurin katako. Ya ce namiji in ya sha kofi biyu na burukutu duk Kafanchan ta ji. Ban da haka ma, in ji shi, namiji in ya kama shi so zai yi ya nuna ya fi shi, ni kuwa so zan yi ya tashi lafiya. A soja shi ne mai horar da kurata motsa jiki da faɗa ba makami, irin kokawar da ake kira judo, kuma ya rantse mini ba ƙarfi take so ba.

Washegari ya kawo buhunan garin katako daga wurin aiki, ya baza a bayan ɗaki, ya shimfiɗa tsohon tamfol a kai. Ya miƙo mini wandonsa na kaki da igiyar ɗaurewa. Ban taɓa sa wando ba a rayuwata, sai da na juya baya ga gidan duka kafin in zura ƙafa.

Na ɗauka za a fara da kayarwa. Ashe faɗuwa ake fara koyo. Kullum da sassafe kafin in tafi makaranta faɗuwa nake yi, ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a ƙirji, baya a lanƙwashe. Jikina ya yi tsami har in zan rubuta a saman allo sai na ciji leɓe. Na yi masa rashin kunya iyakar iyawata. Na ce ni faɗuwa tun ina rarrafe na iya ta, ba sai soja ya koya mini ba. Ya ce, "Oya, tashi. Wanda yake tsoron ƙasa ba ya iya kai wani ƙasa." Sai ya sake ture ni. Bayan faɗuwa aka shiga gudu a bakin layin dogo, da tsallen kwaɗo, da ɗaukar bokiti cike a kowane hannu. Na tsine wa soja da wanda ya ƙirƙiro soja.

Da ya ga na daina rufe ido in zan faɗi, sai ya nuna mini abin da muka taru dominsa. In ya taho da ƙarfi kada in ja da baya, in shige cikin jikinsa, in kama hannun riga, in juya in sa ƙuguna ƙarƙashin cikinsa, gudunsa da nauyinsa su yi sauran aikin. In ya kai ƙasa kada in tsaya kallo, in kwanta a ƙirjinsa a gicciye, in maƙale hannunsa a hammatata, in sunkuyar da kai kusa da kunnensa inda naushi ba ya kaiwa, in baje ƙafafu. Ranar da ya fara tashi sama a bayana ya sauka tim, na tsaya baki buɗe. Yana kwance yana dariya, irin dariyarsa ta da, wadda ban ƙara ji ba tun kafin yaƙi.

Akwai doka ɗaya da ya fi tsananta mini a kanta. In wanda aka danne ya buga ƙasa da tafin hannu, taf taf, to a sake shi nan take. Ba tambaya, ba ƙara matsewa, ko da haushi ake ji. Ya ce a wurin horo ana iya yafe wa mutum komai ban da wannan. Kuma ya ce ita ce za ta zama alamarmu, domin wancan mai ihun bai san doka ba, ba zai taɓa buga ƙasa ba.

"In kin ji na buga, ni ne na dawo. Ki sake ni."

Ba a daɗe ba zance ya fita, sai dai ba ainihin zancen ba. Matar wani direban jirgi da ke maƙwabtaka da mu tana da ido a kowane ramin zana, ita ta kai wa matan zumunta rahoto cewa tica tana sa wando tana kokawa da namiji tun kafin ta yi addu'ar safe. Shugabar matan ta kira ni bayan sujada, ta riƙe mini hannu, ta ce da wannan tsawon nawa ma samun miji sai an dage da addu'a, balle in ƙara da kokawa. Na sunkuyar da kai na ce motsa jiki ne da aka ce malamai su koya saboda yara. Ƙarya a harabar coci, kuma ko gezau ban yi ba. Lokacin ana yayin finafinan 'yan Caina a silima, yara suna ta tsalle suna shure iska a titi, sai 'yan ajina suka sa mini Tica Cainis. In na shigo aji shiru kake ji, ban taɓa buƙatar bulala ba.

Gaskiya jikina ya ji daɗin abin. Ciwon bayan nan da ya hana ni tonon citta ya ɓace, wanda ya sa Mama ta ce dama can ƙarya ce. Na kai yara yawon buɗe ido dutsen Kagoro, na riga malamai maza kaiwa sama, na tsaya ina jiransu suna haki. Wata ranar kasuwa kuma a tashar mota wani kwandasta ya damƙe mini wuyan hannu wai sai na shiga motarsu, yana kirana sisi yana washe baki. Na murɗa hannuna ta wajen babban yatsansa kamar yadda aka koya mini, na ɗan taɓa masa dunduniya da ƙafa, sai ga shi zaune daɓas a cikin taɓo. Mata masu sayar da gwaza suka yi ta guɗa. Na ji daɗin ranar nan, ba zan ɓoye ba.

Amma ba don kwandasta aka shimfiɗa tamfol ba. Abin yakan zo, wani lokaci a jere, wani lokaci a yi watanni shiru. Na koyi gane shi tun daga yadda wuyansa yake sandarewa. Ina kayar da shi, in danne, yana fizga yana zagin mutanen da ba na gani, ni kuma bakina a kunnensa ina yi masa magana da yarenmu, ina kiran sunan da Mama take kiransa yana yaro, ina gaya masa an gama yaƙi, ga tuwo a wuta. Ya taɓa fasa mini leɓe da ƙeya, ya taɓa yaga mini riga. Ina riƙe da shi ina kuka, domin duk iyawar da na yi ban taɓa iya taɓa abin da yake cinsa ba, jikinsa kawai nake riƙewa. Can sai in ji ƙirjinsa ya sassauta, sannan taf taf a ƙasa. In mirgina gefe, mu kwanta muna kallon sama muna mayar da numfashi. Wani lokaci yakan ce, "Ƙafarki ta hagu ba ta baje sosai ba, Tica." Haka muka yi ta yi, ba wanda ya sani a gida.

Sai Baba ya rasu, cikin damina.

Mahaifinmu kafin ya karɓi baftisma maharbi ne, kuma bai taɓa rabuwa da abokan farautarsa ba. A wajenmu in tsohon maharbi ya mutu, 'yan'uwansa maharba sukan zo bakin kabari su sallame shi da bindiga. Fasto ba ya so, amma an daɗe da yin sulhu, shi ya gama addu'arsa ya ja gefe, su kuma su yi tasu. Tun a cikin motar da ta ɗauko mu daga Kafanchan wannan ne a raina. Na ce wa Yaya ya yi ciwon ciki ya zauna a ɗaki. Ya harare ni. Ɗan fari shi yake fara zuba ƙasa a kabarin ubansa, in bai tsaya ba har ya mutu ana nuna shi da baki. Ya ce tunda ya san za a harba ai ba bazata ba ce, zai daure.

Ban yarda ba. Na sami Baba Ƙarami a ƙofar gida yana ba masu haƙa kabari umarni, na durƙusa na roƙe shi a bar maganar bindiga. Ya tambayi dalili. Dalilin yana bakina, amma in na faɗa na kai Yaya turu da hannuna. Na ce ai Baba Kirista ne. Na ce Mama ba ta son ƙara. Na ce ko albarushi ya jiƙe da ruwan sama. Baba Ƙarami in zai yanke magana yakan bar yarenmu ya koma Hausa kamar alƙali, Hausar tasa kuma kowa namiji ne a cikinta. Ya ce, "Kai tica ne a makaranta, ba a nan ba. Tashi ka je wurin mata."

Wurin mata kuwa nesa ne da kabari. Maza ne suke kewaye ramin, mu muna can gindin mangwaro tare da matan zumunta ana waƙa. Na yi ta matsawa gaba kaɗan kaɗan har wata gwaggo ta jawo ni ta zane. Ina hango ƙeyar Yaya. Fasto ya rufe Littafi, ya ja baya. Yaya ya sunkuya ya ɗebi jar ƙasa, ya ɗauka sai ya zuba za a harba, yadda aka saba. Amma wani tsoho, babban aminin Baba, hannunsa yana rawa don kuka, bindigarsa ta tashi tun ba a ba da alama ba, daf da kunnen Yaya. Sauran da suka ji sai suka saki nasu gaba ɗaya.

Na ga wuyansa ya sandare tun daga inda nake. Na tattare zane na zuba a guje, na ture wani dattijon coci, na tsallake tarin ƙasa. Kafin in isa ya riga ya fizge bindigar ya jefar, ya shaƙe tsohon da hannu biyu, idanun tsohon sun firfito. Maza sun fi ashirin a wurin, kowa ya daskare. Na daka masa tsawa da muryar fareti irin tasa, ya saki ya juyo kaina da gudu, na shige jikinsa na juya ƙugu. Ban taɓa yin kayarwa mai kyau irin ta ranar ba. Ya sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasar kabarin ubanmu, na kwanta a ƙirjinsa, na baje ƙafafu, ɗankwalina ya faɗa rami.

Waƙa ta tsaya. Ba abin da ake ji sai ihunsa da Turancin bariki da tarin tsohon nan. Ina kiran sunansa na yarinta a kunne, ina jin Baba Ƙarami a kaina yana cewa a kawo igiya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙirjinsa ya sassauta, sannan na ji tafinsa a kan taɓo, taf taf.

Baba Ƙarami ya ce, "Kada ka sake shi! Riƙe shi igiya na zuwa!"

Na sake shi. Yaya ya tashi zaune, ya dubi mutane, ya dubi tsohon da ake yi wa fifita, ya dubi ramin. Ya rarrafa ya kama ƙafar tsohon yana ba shi haƙuri. Daga nan ya miƙe ya ɗebi ƙasa ya zuba wa Baba, kamar yadda ya zo yi. A zuciyata na ce to ga shi kowa ya gani da idonsa, abin yana wucewa, kuma akwai mai iya riƙe shi.

Ba haka suka gani ba. Da aka watse dattawan dangi suka zauna a zauren Baba Ƙarami, ni ba a kira ni ba, a bakin ƙofa na durƙusa ina sa baki ana kora ta. Laifina ma an fara lissafa shi kafin nasa, wai 'ya mace ta hau ƙirjin ɗan fari a bakin kabari, sai an yanka akuya an wanke gida. Na ce a yanka har saniya, amma a bar mini yayana. Na gaya musu komai, tamfol da garin katako da shekarun da muka yi ba wanda ya ji ciwo sai ni. Na ce akwai asibitin masu irin wannan ciwo a Kaduna, zan kai shi. Wani kawu ya ce wanda aka kai can ba ya dawowa da sunansa. Akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Gwantu da suka yarda da shi, can za a kai shi.

Baba Ƙarami bai yi mini tsawa ba a wannan karon, da ma ya yi. A hankali ya ce, "Yau ka kama shi. In kana aji fa? In ka yi aure fa? In yaro ne a hannunsa ba tsoho ba?" Na san duk hanyar kuɓucewa daga riƙon hannu da riƙon wuya, ba a koya mini ta wannan ba.

Na koma wurin Mama ko za ta tsaya mana. Tana zaune a tabarmar makoki, miji a ƙasa, ɗa a bakin mutane. Ta ce ita tsoro take ji kada ya kashe wani a rataye shi, gara ta san yana raye a wani wuri. Na tafi wurin Yaya na ce mu gudu tun kafin gari ya waye, mu kama motar Kafanchan, daga can mu hau jirgi ko ina ne. Yana zaune a bayan rumbu yana kallon tafukan hannunsa. Ya ce ya ga shatin yatsunsa a wuyan tsohon. Mutanen da aka tara su kama shi da safe, da ya so da ya watsar da su kamar kaji. Shi da kansa ya miƙa hannu aka ɗaure, ya hau bayan motar citta, bai waiwayo ba.

Ya daɗe a can. Daga baya an dawo da shi, ya yi sauran rayuwarsa a ƙauye yana noma, ba ya ihu, ba ya dariya, har Ubangiji ya kira shi. Ni na yi aure, duk da tsawon da kokawar, na haifi 'ya'ya, kuma har yau da tsufana in na zame a bayan gida haɓata takan koma ƙirji da kanta, ban taɓa karaya ba. Amma in na tuna Yaya ba gonar nake gani ba, ziyarar farko nake gani.

Hutun makaranta ne, na hau mota zuwa Gwantu, na ƙarasa da ƙafa, da ƙullin acca da man ja a kaina. Gidan mai maganin babba ne, a share tas, mutumin kuma ya karɓe ni da mutunci, ya ce ɗan'uwana ba ya ba su wahala ko kaɗan. Ya kai ni can bayan gidan nasa inda aka yi wata rumfar ciyawa. Ba turu ba ne, na gode wa Allah da wannan. Mari ne na ƙarfe a idon sawu, da sarƙa da aka zagaya a jikin wani gungume. An aske masa kai, ya rame, wuyan nan da nake karanta kamar allo ya zama siriri.

Ya gane ni tun daga nesa. Ya ce, "Tica." Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ya tambayi Mama, ya tambayi 'yan ajina, ya tambaya ko ina gudun safe, na ce ina yi, ya ce ƙarya nake, ya ga kumatuna. Hankalinsa garau, ya fi na dattawan da suka kawo shi. Ba jirgi a nan, ba bindiga, tun da ya zo abin bai tashi ba ko sau ɗaya, mai maganin kuma ya ce wannan ya nuna magani yana ci, sai a ƙara haƙuri. Na roƙe shi a cire ƙarfen ko na yinin nan ne, ina nan, zan iya da shi. Ya ce ba ni na kawo shi ba, wanda ya kawo shi ne zai ce a cire.

Da rana ta karkata dole in kama hanya kada motar ƙarshe ta bar ni. Na tattara kwanukan da na zo da su, na yi masa addu'a, na miƙe. Bai roƙe ni komai ba, bai ce in gaya wa kowa komai ba. Na yi 'yan taku sai na ji a bayana, a kan busasshiyar ƙasar rumfar, taf taf.

Jikina ya riga ni ji. Hannuwana suka buɗe da kansu, kwanukan suka zube. Na juyo, yana kallona, tafinsa a ƙasa. Ya sake bugawa, a hankali, yadda yake yi in ya dawo. Na koma na durƙusa na kama sarƙar da hannu biyu, na ja, na murɗa ta wajen da ya kamata ta saki, na sa ƙafa na taka gungumen. Ƙarfe ne. Na ce, "Yaya, ba ni na riƙe ka ba."

Ya ce, "Na sani, Tica." Amma bai ɗauke hannunsa daga ƙasa ba.